Takalmin Ɗan Akawu

Ƙwallon ya tashi sama ya faɗa gonar rake, yara suka bi shi da ihu, Inuwa ya yi dariya har ya kusa ƙwarewa. Ruwa ya janye daga fadama, ciyawa ta yi shar, iska tana kaɗowa daga kogi da sanyinta. 'Yan makarantar elemantare ne suka rabu gida biyu bayan la'asar, ɗansa Umara kuwa yana gaba, yana yanka kamar tarwaɗa.

Duk Haɗeja an san Inuwa da busa usur. Masinja ne a ofishin En'e, amma in akawuna za su kara da 'yan doka ranar Asabar, shi ne alƙali, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Yau dai kallo ya zo. Wani sabon malami, Malam Yakubu, shi ke riƙe da wasan.

"Kai Bafillace," in ji Zarami mai sayar da bandar kifi, yana miƙa masa gaɓar rake, "ɗan nan naka a ina ya samo gudu? Kai da ko akuya ba ka iya kamawa."

"Ci gaba da zagin ubangidanka, Babarbare. Baɗi war haka yana makarantar Midil a Kano, sai ka nemi iso kafin ka gaishe ni."

Ya faɗa da fara'a, amma maganar Midil ita ke hana shi barci. Sunayen yaran da za a tura sai sun bi ta hannun babban akawu, maigidansa, wanda ga shi can kan kujera a gindin tsamiya. Ɗan akawun, Garba, shi ne mai tsaron baya na ɗaya ɓangaren, kuma shi kaɗai ke da takalmi a filin, mai ƙusoshi, tsarabar Ikko. Sauran duk ƙafa a ƙasa.

Umara ya zo wucewa, Garba ya bar ƙwallon ya taka masa diddige. Yaron ya faɗi, ya tashi yana ɗingishi. Malam Yakubu ya kai usur baki, ya waiga gindin tsamiya, ya sauke.

"Ka gani?" in ji Zarami. "Da Asabar ce da tuni ka kore shi."

"Yau ba Asabar ba ce."

Da aka sake taka Umara, Inuwa bai san sa'ad da ya miƙe ba.

* * *

An tafi hutun rabin lokaci, yara sun yi dafifi a kan tulun ruwa. Malam Yakubu ya taro Inuwa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba Inuwa, don Allah ka karɓa," ya ce a hankali, yana miƙo usur. "Kai za su ji maganarka. Ka sa ya cire takalman nan. Ni wata na biyu ke nan da fara aiki."

Inuwa ya dubi usur ɗin. Abin da ya kamata ba ɓoyayye ba ne: ko kowa da takalmi, ko kowa babu. Sai ya ji murya daga gindin tsamiya.

"Inuwa! Ka ga aikin yaron nawa? Babu mai wuce shi!"

"Ranka ya daɗe, ai bango ne," ya amsa, har da ranƙwafawa.

Ya juyo wajen malamin. "Malam, wasanka ne, ba a shiga wa alƙali aikinsa. Sai dai Umara ya gaji. Mayar da shi gola."

"To wa zan sa a gaba?"

"Ga yara nan da yawa."

Malamin ya kira Ɗanladi, ɗan wata bazawara mai saƙar tabarma a bakin kogi. Yaron ya yi tsalle don murna, bai taɓa buga gaba ba.

Inuwa ya koma mazauninsa. Umara ya kama ƙwallo uku masu wuya, har babban akawu ya tafa masa, ya tambayi ɗan wane ne. Wani daɗi ya ratsa Inuwa tun daga kai har ƙafa. Zarami kuwa ya daina tsokana, ya tattara ɓawon rakensa ya ce zai leƙa kasuwa.

* * *

Sun nufi gida gab da magariba, Umara yana ba Inuwa labarin kowane ƙwallo kamar bai gani ba. Hayaƙin tuwo ya tashi a unguwa, shanu suna dawowa daga burtali.

"Baba, ka ji akawu ya tambayi sunana?"

"Na ji. Ka riƙa gaishe shi da kyau."

A mashaya suka tarar da Ɗanladi zaune a kan wani kifaffen kwalekwale. Uwarsa ta durƙusa a gabansa, ta yage bakin zanenta tana naɗe masa babban yatsan ƙafa, wanda farcensa ya fita. Tsumman ya riga ya rine da jini.

Yaron ya gan su, ya yunƙura zai miƙe, uwar ta danne shi.

"Sannu da zuwa, Alƙali," ya ce yana murmushi. "Malam ya ce kai ka sa aka ba ni gaba. Na gode."