Rigimar Yunwa a Wasan Rami

Gwani mai gyaran kwamfuta ne. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan ranar da ya gyara mata waya ta daina ƙara gaba ɗaya, sunan kuwa ya bi shi har shago.

A lungun shagon, bayan tarin caja da matattun batura, akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba ta sayarwa ba ce. A kanta yake buga Rami. Wasa ne da ya girmi aurensa: baƙin allo, babu hoto, babu kiɗa. Kai ne alamar @, dodanni haruffa ne, kana sauka hawa-hawa cikin ƙasa neman wata taska da ke can ƙarshe. In ka mutu shi ke nan, sai ka faro daga sama, ɗakunan kuma sun sake tsari. Wasu ɗalibai ne suka rubuta shi tun da daɗewa, suka bar rubutun manhajar a buɗe, wai duk wanda ya ga dama ya ɗauka ya yi nasa. Aka kuwa ga dama. Akwai Rami mai noma, akwai na cikin teku, har da wanda wani bawan Allah ya yi inda ake zama da dodanni a sasanta.

Gwani na asali yake bugawa, shi da yayansa mai kantin magani, tun suna samari. Yaya ya taɓa kaiwa ƙarshe, kuma har yau dangi ba su huta da jin labarin ba. Gwani bai taɓa kaiwa ba. Da dodo ne ke kashe shi ma da sauƙi. Yunwa ce, domin a wasan dole jarumi ya ci abinci.

Wata rana ya sauka inda bai taɓa sauka ba, da sulke, da takobi mai wuta, dodanni na ganinsa suna ba shi hanya. Yana hango matakala, jarumin ya yanke jiki ya faɗi, ciki ba komai. Gwani ya daɗe yana kallon allon. Sai ya buɗe rubutun manhajar, ya nemo inda aka rubuta yunwa, ya goge ta kaf. Ya ɗora sabon wasan a zauren 'yan Rami na intanet, ya sa masa suna Rami Mai Ƙoshi.

Kafin ya rufe shago Yaya ya kira.

"Na ga aikin alherin da ka yi wa duniya. Saura ka shimfiɗa wa jarumin katifa, ka cire wa dodannin haƙora."

"Haba Yaya, wasa ne fa."

"A da wasa ne. Yanzu yawon shan iska ne."

Yaya bai tsaya nan ba. Ya ɗauki wasan ƙanensa, ya mayar da yunwa ninki biyu, ya ƙara ƙishirwa, sannan da yake sana'a ba ta ɓuya, ya sa duk maganin da jarumi ya tsinta yana lalacewa in ya daɗe a jaka. Ya kira shi Rami Na Gaskiya. Zaure ya dare biyu. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka dinga zagin iyayen juna kan cikin alamar @. Su kuwa 'yan'uwan gaisuwa ta gagara, in sun haɗu a hanya kowa sai ya tuna yana da kira a waya.

Matar Gwani ce ta kai maganar gun Mama.

"Kan yunwa suke faɗa, Mama. Wannan ya cire, wancan ya mayar."

Mama ta aika a kira su, hankalinta a tashe. Suka iske ta cika tebur da abinci, tana duban wuyan kowa ko ya rame. Da Gwani ya buɗe kwamfutar hannu ya nuna mata, sai ta gyara tabarau.

"Ina mai jin yunwar?"

Ya nuna alamar.

"Wannan 'yar ƙugiyar? Ita ce ta raba min 'ya'ya?" Ta juya. "Kai Babba, da furfurarka?"

"Mama, ƙa'ida ce. In babu yunwa, mutum zai zauna a hawa ɗaya har..."

"Madalla. Allah ya ba ni masana. Ku ci abincin nan, sannan ku je ku haɗa abin naku ya zama ɗaya. Kada wanda ya sake tako min gida shi kaɗai."

Haka suka koma shago, Yaya kan kujerar kwastoma, Gwani kan akwatin firinta. Aka yi ta ciniki kamar ana raba gado. Yunwa ta dawo, amma a hankali. Ƙishirwa ta tafi. Magani zai lalace, amma za a rubuta ranar a jikin kwalba. Gwani ya ji a ransa an cuce shi, sai dai da ya ga Yaya ma ya ɗaure fuska, hankalinsa ya kwanta. Suka ɗora shi da sunan Rami Na Sulhu.

Bai yi tsawon rai ba. Wata a zauren, mai kiran kanta Kyanwar Bene, ta ɗauke shi ta yi nata. Ta sa launi, ta sa kiɗa, ta ba jarumin fuska har da gashin baki. A ƙasa ta rubuta: "Na share shirmen tsofaffin nan biyu." 'Yan Ƙoshi da 'yan Gaskiya suka kwashe gaba ɗaya suka koma wurinta.

Washegari da safe Yaya ya bar kanti a hannun matarsa, ya zo shago, ko sallama bai gama ba ya ce:

"Ka ga gashin bakin?"

"Na gani, Yaya. Ba ta da tarbiyya."

"Matsa min kujera."

Suka haɗa kai kan allo ɗaya suna tsara mata amsa, wannan ya kawo kalma, wancan ya ƙara mata yaji. Wani kwastoma ya leƙo da kwamfutarsa a hammata, ya yi gyaran murya. Gwani bai ko ɗago ba ya ce masa ya dawo gobe, yau akwai matsalar iyali.