Keken da Baba Yake Dubawa

Auta tana cikin rufe kwamfutarta manaja ya leƙo, ya dafa bayan kujerarta.

"Injiniya, dabarar nan taki ta yi albarka," in ji shi. "Mai kamfani ya ce kada kowa ya taɓa ta. Wanda ya taɓa kuwa, ya nemi wani wurin aikin."

Ta yi murmushi. Kamfanin shago ne na intanet, ita kuma aikinta rubuta manhajar da ke yanke wa kaya farashi. Dabarar ba ta da wuya. Idan mutum ya duba abu sau ɗaya ya wuce, ɗan kallo ne. Idan kuwa ya yi ta dawowa yana dubawa bai saya ba, to yana da bukata. Sai manhajar ta riƙa ƙara masa kuɗin kaɗan-kaɗan, shi kaɗai, har ya tsorata ya saya. Lokacin da take rubuta dabarar, takalma da agogo ne a ranta.

Da la'asar ta sauka daga bas, ta shiga gidan iyayenta. Umma tana kwance a gado kusa da taga. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta ƙara taka bakin ƙofa ba. Baba, tsohon direba, yana zaune a gefenta, tabarau a kan hanci, waya a hannu.

"Autata, zo ki raba mu," in ji Umma, harshenta da nauyi. "Kullum da safe sai babanki ya gaida keken nan kafin ya gaishe ni."

Keken marasa lafiya take nufi, mai naɗewa, mai birki a hannu. 'Ya'yan sun so su haɗa su saya, Baba ya hana. Ya ce shi ya kawo ta gidan nan, shi zai fitar da ita ta sha iska, da kuɗin fanshonsa.

"Gudu yake yi mini," in ji Baba, yana miƙa wa Auta wayar. "Duk lokacin da na tara na kusa cim masa, sai ya ƙara gaba. Yau ma ya tashi. Amma a shagonku zan saya. Na faɗa wa kowa 'yata ce ta haɗa shi."

Auta ta dubi farashin. Ta ciro tata wayar, ta nemo keken. Shi ne dai, launinsa ɗaya, amma a wurinta farashin yana nan ƙasa, inda Baba ya fara ganinsa. Abin da ya tara ya isa tun tuni. Duk kwanakin da Umma ta yi tana kallon rana ta taga, babu abin da ya tsare ta sai yawan dubawar mijinta.

"Baba, kawo katinka," ta ce a hankali. "Bari mu saya ta wayata."

Ya matso da tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko?" ya ce wa Umma. "Sun san ta gida ce, sun yi mata ragi. Mutanen kirki!"

Da hannunsa ya danna lambobin katin. Umma ta juya fuska wajen bango tana share hawaye da hannunta mai lafiya.

Baba ya cire tabarau, ya juyo wajen 'yarsa.

"Auta, in babu takura. Mai walda na bayan layi, mahaifiyarsa ma ta kwanta. Ni na nuna masa shagonku. Shi ma kullum yana dubawa, nasa ma gudu yake yi. Ko za ki roƙar masa ragin nan?"

Auta ta shiga lissafi a ranta. Mai walda ɗaya ne, wanda Baba ya sani. Sauran fa, masu duba gadon asibiti da na'urar awon jini kowace safiya?

"Zan duba, Baba."

Ta zauna a ƙarshen gadon, ta ɗora kwamfutar a kan cinya. Ƙafar Umma mai sanyi tana taɓa ta. Ta nemo layukan manhajar da ta rubuta da hannunta, ta cire duk kayan marasa lafiya daga ƙarƙashin dabarar. Ta san gobe da safe manaja zai gani.

"Aiki har a gida?" in ji Umma. "Ba sa barin ki ki huta?"

"Na kusa hutawa, Umma."

Kafin gyaran ya hau, manhajar ta tambayi sunan wanda ya yi shi. Auta ta rubuta nata, ta danna. A tsakar gida, Baba ya ɗauko igiya yana auna faɗin ƙofa.