Yunit Huɗu Don Yankan Kek

A taƙaice, ga abin da ya faru. Ranar Laraba, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, wata ɗaliba 'yar shekara goma sha ɗaya, mai fama da ciwon suga nau'i na ɗaya, ta yi wa kanta allurar insulin yunit huɗu a banɗakin makaranta, domin ta ci yankan kek ɗaya da lemon kwali ɗaya. An kama ta kafin ta ci. Da ƙarfe goma sha biyu saura kwata aka ɗauke ta a sume. Ba a samu kowa da laifi ba, kasancewar duk wanda ya sa hannu a lamarin da kyakkyawar niyya ya sa. Ɗalibar jikata ce, kuma ni ne na cike mata fom ɗin shiga makarantar.

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin akawu, ban taɓa rubuta abin da ba haka yake ba a takarda sai da na yi ritaya. A layi na goma sha huɗu na fom ɗin an tambaya ko ɗaliba tana da wani ciwo mai ɗorewa. Na sauke alƙalami ke nan sai matata ta riƙe mini hannun riga.

"Malam, me za ka rubuta?"

"Abin da likita ya faɗa."

"Likitan ne zai aure ta? Ɗiya mace ce fa. Yau ka rubuta, gobe malamai su sani, jibi matan malamai. Nan da shekara goma a ce ai gidan can a jininsu abin yake. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

Na dubi uwar yarinyar, wato ɗiyata, wadda ke wuni a shagon ɗinki, mijinta kuma yana aiki a wani gari. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, duk yadda kuka gani."

Na rubuta "Babu". Na sa hannu, na sa kwanan wata. Rubutun ya yi kyau ƙwarai.

* * *

Jikin yarinyar ba ya yin insulin ko kaɗan, saboda haka duk loma ta sitaci ko zaƙi da za ta shiga bakinta sai an auna ta, an biya ta da allura. Nas ɗin asibitin da muke zuwa ta koya mana ƙa'idar: yunit ɗaya ga kowane giram goma sha biyar. Na buɗe rajista, na ja layuka da rula: lokaci, awon suga, abinci, yunit. Ita ke karanto mini lamba daga na'urar gwaji, ni ina rubutawa. Da haka ta zama Sakatariya, ni kuma ba ta ƙara kirana Kaka ba sai Akawu.

Makaranta kuwa mun tsara ta yadda allura ba za ta taɓa taka ƙofarta ba. A karya kumallo a gida, a ci na rana a gida. Lokacin tara, wato hutun safe a makaranta, sai dafaffen ƙwai da kokwamba, waɗanda ba sa bukatar allura. Shekara biyu ana haka lami lafiya.

Ranar Litinin ɗin makon ta zo ta tsaya a gaban teburina, hannu a baya.

"Akawu, na kawo koke."

"A rubuce ko da baki?"

"Da baki. Tsufa ya cinye maka ido, ba za ka iya karanta rubutuna ba."

"Rubutunki ko tafiyar kaza? Ina jin ki."

Ƙawarta da suke benci ɗaya ce za ta cika shekara goma sha biyu ranar Laraba, kuma uwarta za ta aiko da kek aji. Sau bakwai ana kawo irin wannan kek a shekara biyu, in ji Sakatariya, domin ita ma tana da tata rajistar a ka. Sau bakwai tana cewa ba ta son zaƙi.

"Wannan karon ni ce zan riƙe mata wuƙar. Yaya zan riƙe wuƙa in ce ba na ci?"

Washegari na kai ta wurin nas. Na yi zaton za ta hana, in huta.

"Baba, kek ba guba ba ne," in ji ta. "A auna, a yi allura, a ci. Amma ka ji sharaɗin da kyau. In aka yi allurar, cin ya zama dole. Minti goma zuwa sha biyar, kada ya wuce. Insulin ba ya jiran kowa. In bai tarar da kek ba, sugan jininta zai kwashe. Malamarta ta san halin da ake ciki ko?"

"An sanar da waɗanda suka dace," na ce.

Jimla ce da ta yi mini aiki shekara talatin da biyar, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Da yamma muka yi gwaji da burodi. Na yanka mai kaurin yatsa biyu, na nuna mata iyakar rabonta. Yankan kek irin wannan giram arba'in da biyar, lemo goma sha biyar, sittin ke nan, yunit huɗu. Ta murɗa allurar, mai siffar alƙalami, ta ƙirga ƙarar da kunne sau uku ba kuskure. Na sa mata alawa biyar a aljihun jaka, ko da sugan zai yi ƙasa.

Kakarta ta ƙara nata umarnin. "A banɗaki za ki yi, ki rufe ƙofa. Kowa ya tambaye ki, ba ki san komai ba. Ce wallahi."

"Wallahi, Kaka."

* * *

Abin da ya biyo baya na tattara shi ne daga bakin mutum uku, kuma bayanansu sun yi daidai da juna.

Ƙofar banɗakin 'yan mata ba ta da sakata. Matar da ke sharar makarantar ta tura ta da tsintsiya, ta tarar da yarinya ta ɗage riga, allura a cikinta. A zangon nan kuwa an kori manyan ɗalibai biyu saboda shaye-shaye, an kuma tara kowa an ja kunne cewa duk wanda ya ga wani abu ya faɗa. Mai shara ta ga wani abu, ta faɗa.

Malamar aji ta karɓe allurar da jakar, ta tasa yarinyar a gaba zuwa ofishin Shugabar makaranta, suka bi ta gaban ajin daidai lokacin da ake kunna kyandir. Shugaba tana ganawa da wasu iyaye, sai aka ce yarinyar ta durƙusa a baranda.

"Mene ne wannan? Wa ya ba ki?" in ji malamar.

Sakatariya ta yi shiru, domin ta rantse.

Bayan minti arba'in gumi ya jiƙa mata riga. Hannunta ya kama rawa, idonta ya yi nauyi, harshenta ya fara karyewa. Shugaba ta fito ta dube ta sama da ƙasa.

"Kin gani ko, Malama? Ya fara aiki."

A nan ne yarinyar ta karya rantsuwarta. "Ciwon suga ne da ni. A ba ni alawata, tana cikin jaka."

Shugaba mace ce mai tsari, irin wadda da a zamanina ne da na yaba mata a rahoto. Ba ta yi gardama ba. Ta shiga ta buɗe kabad, ta zaro fayil, ta bi layuka da yatsa har na goma sha huɗu.

Malamar aji kuwa tausayi ya kama ta. "Ko da ma gaskiya ne, ranki ya daɗe, ai mai ciwon suga ba a ba shi zaƙi. Mijin yayata ko shayi ba ya sha da suga. Kada mu kashe 'yar mutane." Ta kawo ruwa mai sanyi a kofi, ta riƙe mata kai ta ba ta.

Ina zaune ina feƙe fensir wayata ta yi ƙara.

"Baba, Shugabar makaranta ce. Mun kama jikarka da allura, kuma ba ta cikin hayyacinta."

"Ta ci kek ɗin?"

"Baba, ana maganar allura kana maganar kek?"

"Insulin ne. Ciwon suga ne da ita. Ku dama suga cokali uku a ruwa ku ba ta yanzu, ko lemo, ko alawar da ke jakarta. Yanzu, don Allah."

"Fom ɗin da ke gabana ya ce babu."

"Ƙarya ne."

"Sa hannun wa ke ƙasa?"

"Nawa ne."

"To wanne zan ɗauka, Baba, na takarda ko na waya? In na ba ta wani abu ya faru, takarda za a tambaye ni."

Ba zan ɓoye ba, da ni ne a kujerarta, amsar da zan bayar ke nan. Ina neman wata jimlar sai na ji ƙarar abu ya faɗi, sannan muryar malamar aji tana salati. Yarinyar ce ta kife, haɓarta ta daki bakin matakala.

* * *

A asibiti na'ura ta nuna talatin da ɗaya, alhali ƙasa da saba'in ma abin tsoro ne. Aka sa mata ruwan suga ta jijiya. Uwarta ta iso da tef ɗin awo rataye a wuya, ba ta ma san yana nan ba. Nas ɗinmu ta zo ta duba ruwan, ta dube ni, ta juya ta fita. Na fi son a ce ta zage ni.

Bayan minti ashirin yarinyar ta buɗe ido. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya har ta kai kan kakarta.

"Kaka, na faɗa musu. Ki yi haƙuri."

Matata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mako guda bayan haka na kai takardar likita makaranta. Na nemi fom ɗin, na ja layi ɗaya a kan "Babu", na rubuta gaskiya a samansa, na sa hannu a gefe kamar yadda ake gyaran takarda. Shugaba ta ba da haƙuri yadda ya kamata, ta mayar mini da allurar a cikin ambulan, ta ce daga yau yarinyar ta riƙa yi a ofishinta. Sannan ta kawo shawara.

"Baba, yara sun ga abin da suka gani. In kun yarda, sai in tara su in yi musu bayani, a wanke ta."

Na ce zan tuntuɓi gida.

A gida matata ta ce, "A tara yara ɗari huɗu a yi shela? Malam, ƙura ce, za ta lafa. Yara ba sa riƙe magana. Amma ciwo in aka sa masa suna, har abada ne."



Da yamma Sakatariya ta zo karanto mini awo. Ta faɗi lambar, na rubuta, amma ba ta tafi ba.

"Akawu, ka ce wa Shugaba ta faɗa wa yaran. Ni na yarda."

"Ana duba maganar," na ce.

Ta mayar da na'urar cikin jakarta ta fita. Yau wata biyu ke nan ana dubawa.

Ga abin da lamarin ya ci, gwargwadon abin da na iya tantancewa. Kwana biyu a gadon asibiti. Ɗinki huɗu a haɓa. Rabin haƙorin gaba, kuma ba na yarinta ba ne da zai sake fitowa. Ƙawa ɗaya, wadda uwarta ta nemi a canja mata benci, aka canja. Waɗanda suka san ciwon suga ne a makarantar, mutum uku. Waɗanda suka san an kama ta da allura, ɗari huɗu da sittin, ban da iyayensu.