Taku Saba'in Daga Giginya

Shekarar da aka yi fari, ruwan Bakolori ya ja baya har kan giginyar Tungar Bube ya leƙo. Shekara bakwai ke nan da ruwan madatsa ya shanye ƙauyenmu, aka mayar da mu kusa da Maradun. Da labari ya iso, kakana Manu ya aika aka kira ni.

"Amaryata, ina littahin nan naki na jami'a? Zan tahi in gaida kishiyarki."

Umma yake nufi, kakata, wadda kabarinta ke ƙarƙashin ruwan.

Kafin a tashe mu, na bi shi a baya da littafi ina rubutawa, shi kuma yana auna garin da ƙafarsa. Daga giginyar da Bube, wanda ya sari garin, ya ɗaure jakinsa, taku ashirin zuwa rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba. Talatin da biyar zuwa masallaci. Saba'in, gabas sak, zuwa inda Umma ke kwance.

"Kan ruwa ba a taku, Baba," in ji Audu mai kwalekwale. "Ko kifi za ka tambaya?"

"Kai dai tuƙa. Ubanka ma ni na nuna mai hanyar kasuwa."

Na kawo shawara a hankali: a samo igiya, a yi ƙulli a kowane taku, a ɗaure ta a giginya. Kaka ya miƙe a bakin ruwa ya taka don in auna. Sai na ga takunsa ya gajarce. A da, sai na yi taku uku kafin in cika biyunsa. Yanzu nawa ya fi nasa tsawo. Da wannan awon, a tsakar gidan liman zai yi addu'arsa. Ban iya faɗa masa ba. Na juya baya, na auna da ƙafata, uku a madadin biyu, na ƙulla.

Audu ya ɗaure igiyar, muka fuskanci gabas. Kaka na riƙe da ita, ƙulli na wucewa ta tafin hannunsa.

"Rijiya," ya ce a na ashirin. "Sannunku da ɗibar ruwa."

"Yau kam ta cika," in ji Audu.

A na talatin da biyar ya yi sallama. A na saba'in ya ce a tsaya. Ba komai a wurin sai ruwa mai launin ƙasa da wani tsuntsu can nesa. Ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, muna cewa amin. Sannan ya sunkuya ya taɓa ruwan.

"Umma, ni ne. Na yi jinkiri, hanya ce ta ɓaci."

A hanyar komawa yana naɗe igiyar, sai ya miƙa tsakanin ƙulli biyu a kan hannunsa, ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Wanga taku ba na tsoho ba ne," ya ce.

Ya ci gaba da naɗi.

"Shi ne wanda Umma ta sani." Ya sa igiyar a cikin rigarsa. "Audu, ka ga abin da ya sa ban saki amaryar nan tawa ba?"