Juya Kujerarka

Shagon gyaran kujeru da ke ƙarshen layin masu fenti ya samu gajeren adireshinsa a dandalin sada zumunta ranar Asabar da tsakar rana. 'Yar mai shagon ce ta danna maɓallin, kuma a tsaye ta danna, domin babu inda za ta zauna. Kujeru sun cika shagon, sun hau kan juna har rufi, wasu sun malalo bakin titi ƙafafunsu a sama.

Sunan shagon Ga Kujera. Ba wanda ya zauna ya raɗa shi. Maganar bakin Baba ce, mai shagon, domin duk wanda ya leƙo, ko da mai karɓar haraji ne, abin da zai ji ke nan da zarar an amsa masa sallama. Baba yana da wata ƙa'ida da sauran kafintoci ke yi wa dariya: wanda ya kawo kujera gyara ba ya komawa gida hannu rabbana. Sai an ba shi aron wata ya riƙa zama kafin tasa ta warke.

"Gidan da aka rage wa kujera, an rage masa baƙo," in ji shi.

Kowace kujerar aro tana da tambari a ƙarƙashinta, sunan shagon da aka ƙona da ƙarfe mai zafi. Baba bai taɓa rubuta sunan mai aro ba. Wasu sukan dawo da ita. Wasu kuwa, shekara da shekaru, sai dai a gaisa a hanya, kowa ya kau da kai daga zancen.

'Yar tasa, wadda kowa ke kira Sakatariya tun ranar da ta ƙwace wayar shagon daga hannun yayanta, ita ta buɗe musu shafi a dandalin. Shafin ya yi kyau. Matsalarsa ɗaya ce, adireshin. Dandalin ya ba su wani dogon jeri na haruffa da lambobi kamar ayarin tururuwa. Ta taɓa karanta wa wata mata shi ta waya. Kafin ta kai tsakiya matar ta ce, "'Yar nan, bar shi, zan zo da ƙafata."

Ana haka dandalin ya fitar da sanarwa. Kowane shafi zai iya zaɓar gajeren adireshi da sunansa, sau ɗaya, babu canji. Amma ba tare za a shiga ba. Masu mabiya dubu ko fiye su ne za su fara zaɓa ranar Asabar da tsakar rana. Sauran su jira wata mai kamawa, su tsinci abin da aka rage. Kamfanonin da suka yi wa sunansu rajista kuwa an ware musu wata ƙofa ta daban, ta shigar da ƙorafi. Mabiyan Ga Kujera a lokacin ɗari shida ne da 'yan kai, kusan rabinsu dangi.

Da ba don kamfanin roba ba, da jiran wata guda ba wani abu ba ne. Bara kamfanin ya buɗe katafaren sito a bayan tashar mota, yana sayar da kujerun roba, kuma ya rubuta waɗannan kalmomi biyu, Ga Kujera, a jikin motocinsa da manyan baƙaƙe. Ranar da Baba ya gani dariya ya yi, ya ce magana ba ta da mai ita. Mabiyan shafin kamfanin dubbai ne.

Ranar Litinin da safe Sakatariya ta shigo shago ta ji ƙaurin katako. Baba yana tsugune gaban murhun gawayi, riƙe da wani sabon ƙarfen tambari da ya fi tsohon tsawo. A bayansa kujerun da wata makarantar firamare ta ba su aikinsu suna kife a jere. Ta leƙa ƙarƙashin ta farko. Ga sunan dandalin, ga ɗan karkataccen layi, ga gakujera, baƙi ƙirin.

"Baba, mene ne wannan?"

"Adireshinki mana. Na ji kina gaya wa yayanki, na kai wa maƙeri. Kin ga 'yar sandar nan ta tsakiya? Sau biyu na sa ya sake ta."

"Ai ba mu samu ba tukuna!"

"Ba Asabar kika ce ba?"

"Na masu dubu na ce, Baba."

"To, mu nawa ne?"

Ta faɗa masa. Ya mayar da ƙarfen cikin wuta, ya ce, "Ashe saura kaɗan."

Yaya, wanda shi ke ɗinkin kushin, sai da ya fitar da ƙananan ƙusoshin da ke bakinsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya samu damar yin dariya.

"Baba ya riga malam masallaci."

"Kai, rufe mana baki, ka ji da sosonka."

Sakatariya ba ta yi dariya ba. Ta yi wa Baba bayani a hankali. Idan kamfanin roba ya riga su ɗaukar sunan, duk malamin da ya juya ɗaya daga cikin kujerun nan ya rubuta abin da ya gani, shafin kamfanin zai buɗe masa. Haka duk uban da ya zo ɗaukar ɗansa.

Baba ya daina fifita wutar.

"Wato hannuna ne zai yi wa roba talla?"

"Muddin kujerun suna nan."

"Kujeruna ba sa mutuwa," ya ce, kuma wannan karon ba da alfahari ya faɗa ba.

Yaya ya kawo shawarar a goge da samfefa. Baba ya harare shi. Shi ba ya ƙunar wasa, in ji shi. Kafin a kai ƙarshen rubutun sai an huda katakon.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita aka fara kira, domin babu ƙungiyar mata a unguwar da ba ta ciki. Ta zo da jakarta ta kafa zama a ƙofar shago. Duk wanda ya gifta sai ta ce, "Kai, ɗan wane, kawo wayarka in gani." Ta kama mai kai wasiƙu, ta kama mai gyaran famfo, ta kama wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya. Zuwa Laraba lambar ta motsa, amma motsin hawainiya.

A ranar ce Sakatariya ta je kantin magani karɓo wa Baba maganin ido. Akwai layi, sai ta zauna. Ba ta daɗe ba ta ji bayanta ya gane wurin. Baba yakan ɗan kwantar da majinginar kujerunsa baya kaɗan, daidai kaurin yatsa. Ta miƙe, ta juya kujerar a gaban kowa. Tsohon tambarin yana nan, gizo-gizo ya yi masa labule.

Mai kantin ya sauke tabarau.

"Wallahi, 'yata, kullum cewa nake gobe. Tun kina goye aka ba ni ita."

Ta karɓi maganin ta fito. A hanya ta riƙa leƙa shaguna: wurin mai aski, wurin mai gyaran agogo, barandar ofishin lauya. Ko'ina akwai majinginar da ta ɗan kwanta baya. Tana komawa shago ta tari Baba.

"Baba, kujerun aro nawa ne a waje?"

"Allah ne Ya sani."

"Ka yafe su?"

"In ji wa?"

"Ka taɓa tambayar wani?"

"Rashin tambaya daban, yafewa daban."

Ta gaya masa abin da take son yi. Ya ɗauki ƙafar wata kujera ya riƙa juyawa yana duban tsayinta da ido ɗaya, har Gwaggo ta gaji.

"Haba ɗan'uwana, ka yi magana mana. Abin da ya riga ya tafi kake wa rowa?"

"Ki ce na yafe," ya ce wa 'yarsa. "Amma ki ƙara da cewa kada su riƙa hawa kai suna canza ƙwan lantarki."

Ta ɗauki hoton tsohon tambarin, ta rubuta a ƙasa: Juya kujerarka. Idan ka ga wannan, tamu ce, kuma Baba ya ce ya yafe. Abin da muke roƙo shi ne ka bi shafin nan, ka turo mana hotonta. Ta sa gargaɗin ƙwan lantarkin a ƙarshe, yadda ya faɗa.

Mai aski ne ya fara turowa, da guda biyu. Sai ɗakin malamai na wata makaranta. Sai wata mata da ta rubuta cewa a kan tata ta shayar da 'ya'yanta duka, kuma babban yanzu direba ne. Wani ya gano cewa kujerar da ya gada daga kakarsa ta aro ce. Maƙwabta biyu suka yi ta musu a ƙarƙashin hoto ɗaya, kowa yana cewa shi aka fara ba, ɗayan a wurinsa ya ara. Waɗanda suka juya ba su ga komai ba suka shiga ƙorafin cewa an ware su, suka bi shafin don huce haushi. Mai wani gidan abinci ya turo roƙo a daina juya masa kujeru alhali mutane suna tsakiyar ci.

Abin da Sakatariya ba ta yi tsammani ba shi ne kunya. Yafiyar ta fi tambaya ciwo. Daga safiyar Juma'a kujeru suka fara dawowa, a kan babur, a cikin baro, a kan kai. Baba ya tsaya a ƙofa yana karɓarsu kamar 'ya'yan da suka daɗe a tafiya.

"Wannan ai ita ce mai tabo a gwiwa. Wa ya shafa mata wannan mugun fenti?"

"Matata ce, Baba."

"Allah Ya shirye ta. Ga kujera."

"Ai ni na kawo ta."

"To, zauna mana, ka yi mata ban kwana."

Da hantsin Asabar saura kaɗan a cika dubu, kuma lambar ta tsaya cak. Shagon ya cika da kujeru, titi ya cika da mutane, kowa ya riga ya bi, babu sauran wayar da Gwaggo za ta kama. Sakatariya ta tsaya a ɗan wurin da ya rage tsakanin teburin aiki da bango, tana sabunta shafin. Ta lura cewa Baba ya lulluɓa wani ƙyalle a kan sabon ƙarfen tambarin.

Sai wani hoto ya shigo. Kujerar katako ce a gefen babbar ƙofar ƙarfe, a bayanta ga hancin wata mota mai ɗauke da kalmomin nan biyu. Mai gadin siton kamfanin roba ne. Ya rubuta cewa tun kafin a gina siton yake gadin filin a kanta, an ba shi ta roba amma bayansa ya ƙi. Ya ce a gaishe da Baba. Ya ce direbobi da masu lodi suna nan tare da shi, sun ga tambarin, suna tambaya ina ake dannawa.

Yaya ne ya karanta da ƙarfi. Kafin dariyar ta lafa, lambar ta haye dubu.

Da rana ta take tsaka ƙofar zaɓen ta buɗe. Sakatariya ta rubuta sunan harafi bayan harafi, ta sake dubawa, ta danna. Wani ɗan zobe ya riƙa juyawa a fuskar wayar. Gwaggo, wadda ta samu wuri a kan kujera ta uku daga ƙasa a jikin tulin kujerun, ta ce a ɗaga wayar sama ko iska ta taimaka. Zoben ya tsaya. Rubutun ya koma kore.

Gwaggo ta saki guɗa har tulin da take kai ya girgiza. Masu fenti suka fito da hannayensu masu launi suna tafi. Mai aski ya rungume mai kantin magani, mutumin da suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna.

"Shi ke nan?" in ji Baba. "Babu takarda?"

"Shi ke nan."

Bai yarda ba sai da aka gwada. Aka kifa ɗaya daga cikin kujerun makarantar, mai kantin magani ya gyara tabarau ya kwafi abin da ke ƙone a ƙarƙashinta cikin wayarsa. Hoton Baba ya fito, fensir a bayan kunne. Baba ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ɗauke ni ban sa hula ba?"

Da yamma, bayan mutane sun watse, wani saƙo ya shigo daga dandalin. Gajere ne. Wani kamfani mai rajistar suna ya shigar da ƙorafi a kan adireshin, ana dubawa, za a sanar da sakamako. Ba a faɗi rana ba. Babu wurin mayar da amsa.

Sakatariya ta karanta sau biyu, sannan ta karanta wa Baba. Ta same shi ya riga ya hura gawayi, ya cire ƙyallen daga kan ƙarfen.

"Yau na wane ne?" ya tambaya.

"Namu."

"To, miƙo min waccan mai tabo a gwiwa."

Ta miƙa masa. Ya kifa ta, ya daidaita sabon ƙarfen a gefen tsohon tambarin, ya danna. Hayaƙi ya tashi. Yaya ya jawo wata kujerar.

Har aka rufe shago dandalin bai ƙara cewa komai ba. Kujerar mai gadi kuwa tana can a ƙofar siton, ba a dawo da ita ba.