Ciwon Liatu Mai Masa

Kafin a ba da mulkin kai da 'yan shekaru, duk mai bi ta Ƙofar Wambai da sassafe ya san Liatu mai masa. Basayiya ce daga wajen Bogoro, ta biyo mijinta Amos birnin Bauchi, shi kuwa magini ne. Ɗaki ɗaya suka kama haya a gidan wani mahauci. A gindin dalbejiyar ƙofar gidan take kafa tandarta, kafin hantsi ƙullun ya ƙare tas.

Wata mai sayen masa ce ta fara lura.

"Liatu, dubi idonki. Ya koma ruwan ɗorawa."

Aka ce shawara ce, wa bai san shawara ba? Matar mai gida ta jiƙa mata saiwar rawaya, aka hana ta mai da nama. Idon ya washe, ta koma bakin tanda. Da damina ta faɗi sai ciwon ya dawo, wannan karon da rakiya: gaɓoɓinta suna ciwo kamar na tsohuwa, ga ƙaiƙayi har ta yayyage fatar hannunta, ga gajiyar da ko tulu ba ta iya ɗagawa.

Sai kuma al'adarta ta ɗauke, cikinta ya fara tasowa. Tun da ta yi aure ba ta taɓa ko ɓari ba, don haka ta manta da ciwon, ta shiga murna. Lokacin Amos ya sami aikin gina gadoji a titin jirgin ƙasa da ake ja zuwa Bauchi, sai ƙarshen wata yake zuwa. Da ta gaya masa, ya fita, ya dawo da turmin atamfa. Bayan ya koma, ta kira ungozoma. Tsohuwar ta daɗe tana latsa cikin, sannan ta ja mata zane ta rufe.

"'Yata, wannan ruwa ne. Ba ɗa ba ne."

A asibiti Bature ne likita, sai da tafinta. Aka ɗebi jininta, aka duba fitsari da bayan gida. Aka ba ta kwinin don zazzaɓi, bai yi ba. Aka ce ko tsargiya ce ta taɓa hanta, aka yi mata allurai masu zafi da suka kwantar da ita. Aka koma kan atuni. Duk zuwan da za ta yi sai likitan ya sa an tambaye ta ko tana shan burukutu, ita kuwa ta ce ko ɗanɗana shi ba ta taɓa yi ba. Ranar ƙarshe ya duba idonta, ya yi dogon bayani, tafinta ya taƙaita mata.

"Ya ce shawarar da ya sani, ko dai ta tafi ko ta yi kisa. Taki ba ta tafi ba, ba ta kashe ki ba. Bai san sunan da zai sa mata ba."

Masu sayen masa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya gaya mata magana marar daɗi, sai dai su gaishe ta daga nesa su wuce wajen wata. A gida aka ware mata moɗa da kwano. Matan zumunta na majami'a suka zo, suka tsaya daga bakin ƙofa suka yi waƙa da addu'a, suka tafi. Danginta suka aiko cewa sammu ne, ta dawo gida, amma jikinta ba zai ɗauki tafiyar mota ba. Aikin gadojin ya wuce Bauchi ya nufi gabas, Amos ya bi aikin, zuwansa ya ƙara nisa. Idan ya zo yakan zauna bakin gado yana juya hularsa.

"Abokan aiki suna tambaya. Me zan ce kina da shi?"

"Ka ce musu ba a sani ba."

Mutum ɗaya ce ke shiga ɗakin, Hamsatu, wata dattijuwar Bafillatana mai tallan nono. Takan sauke ƙwaryarta ta zauna kan tabarmar Liatu, ta zuba mata kindirmo, ta taya ta zama. Da rani ya yi, mutanenta suka tashi da shanu suka yi kudu. Daga nan Liatu takan wuni ba ta buɗe baki ba, sai in akuyar gidan ta leƙo ta kore ta.

A daminar shekarar mulkin kai ƙafafunta suka kumbura, aka kwantar da ita a ɗakin ƙarshe na ɓangaren mata, inda ake sa masu ciwon da ake gudun yaɗuwarsa. An canza likita. Sabon, Likita Abdulsalami, matashi ne mutumin Ilori, Hausarsa a karkace amma ba ya neman tafinta. Ya ja kujera ya zauna, ya ce ta ba shi labarin tun daga farko.

"A gidanku akwai wanda ya kamu bayanki? Mijinki fa?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya duba gaɓoɓin yatsunta, ya tafi. Sai bayan kwanaki ya dawo da magana.

"Malama Liatu, akwai wani ciwo da likitocin ƙasashen waje suka fara ba da labarinsa kwanan nan. Jikin mutum ne da kansa yake juyowa yana yaƙar hantarsa, kamar kare ya ciji mai shi. Ya fi kama mata masu ƙuruciya. Ba a ɗaukarsa daga wani."

"Shi ne nawa?"

"Zato nake yi. Kafin in tabbata sai an sa allura an gutsuro hantarki an aika Ibadan, jininki kuwa ba ya daskarewa, ina tsoron ki zubar da shi duka. Akwai magani kaɗan a hannuna. In na canka, za ki sami sauƙi. In kuma wata cuta ce ta ɓuya, maganin zai ba ta ƙarfi. Ki yi shawara da mijinki."

Ta aika wa Amos ta bakin wani direba. Amsa ba ta zo ba. Ranar bikin mulkin kai tun safe gari ya cika da kiɗa, ma'aikatan ɗakin suka fita bakin titi kallon 'yan makaranta da tutocinsu. Liatu tana kwance tana jin komai ta taga. Ta lissafa waɗanda za ta iya tambaya, ta ga babu. Da likita ya shigo da la'asar ta ce masa, "A ba ni maganin."

Cikin 'yan makonni kumburin ya sauka, idon ya yi fari sai ɗan saura a gefe. Fuskarta ta yi faɗi kamar faifai, ta riƙa cin abinci kamar manomi. Ta sake tambayar likitan ko yanzu ya tabbata. Ya ce ya ƙara zato dai.

Da za a sallame ta, ta roƙe shi abu ɗaya, ya gaya wa mutanen gidansu ciwon ba ya yaɗuwa. Ya zo da kansa, ya yi wa mai gida bayani a zaure, ya shiga har ɗakinta ya sha ruwa da moɗarta, matan gida suna kallo. Bayan ya tafi suka ce ai likita ne, yana da makarinsa.

Ba a jima ba aka ɗauke likitan zuwa Kaduna. Maganin wani watan a samu, wani watan babu. In ya yanke idon ya rine, in ya zo ya washe. Liatu ta sayar da tanda ta koma sayar da itace, tunda shi ba a cinsa. Haka ta yi shekara huɗu. Ta rasu a tsakiyar wata damina, Amos yana can wajen Maiduguri inda aikin titin ya kai. Da ya iso an riga an binne ta. Ya kwashe kayan ɗakin, mai gida ya sa aka shafe bangon da farar ƙasa kafin ya ba wani haya.