Igiyar Rissa

Shekara goma sha tara Malam Manzo yana rubuta tarihin rijiyoyin Damargu: wa ya haƙa, zurfinta gaba nawa, wace shekara ta ƙafe. Ya cika littattafan lakwal, irin na ƴan makaranta, har bakwai, ya kulle su cikin akwatin ƙarfe a gidansa na Belbeji, inda ko gara ba ta samu ta karanta ba. Abin yana cin ransa ƙwarai, sai dai tsohon malami ba ya faɗin irin wannan.

Matarsa Ikilima, sakatariya a ma'aikatar magajin gari, ita ta gaji da ganin ransa a ɓace. Ta buɗe masa shafi a intanet.

"Kowane mako ka sa rijiya ɗaya, Malam. A taƙaice, ban da surutun aji. Wanda ya karanta zai rubuta maka ra'ayinsa a ƙasa."

Mako tara yana sawa, mako tara ƙasan nan fayau, ko sannu babu. Ya ce wa Ikilima daga na goma ya bari, ba zai ta magana shi kaɗai kamar taɓaɓɓe ba.

Ran kasuwa sai ga wani makiyayi ya durƙusar da raƙumi a ƙofar gidan, ya sauke ƙatuwar igiya, ya yi sallama a daƙile.

"Kai ne Manzo mai rijiyoyi? Ni ne Rissa, daga wajen Tenhya. Ka rubuta tamu gaba talatin. Talatin! Kakana ya haƙa ta. Ga igiyar guganmu, auna da kanka."

Manzo ya dubi igiyar, ya dubi Rissa. "A ina ka gani?"

"Ƴar'uwata Fadimata ke hawa tudu inda akwai rezo, waya na kamawa, ta ɗauko rubutunka, ta karanta mana a bakin rijiya. Mu ashirin, wata rana mun fi. Tun ran nan ake mana dariya."

"To me ya hana ku rubuta a ƙasa?"

Rissa ya dube shi sheƙeƙe. "Maganar kaka ake aikowa ta waya?"

Manzo ya ja igiyar tsakiyar hanya, ya buɗe hannuwa yana aunawa, yana ƙirgawa da ƙarfi har maƙwabta suka firfito. Gaba arba'in da biyu cif. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Ikilima!" ya ƙwala kira. "Fito ki ji! Mutanen Tenhya sun kama ni da kuskure!"